Ranar da Na Zana Maganar Tawfiq a Kan Kwali

In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi min uzuri. Ba kuka nake yi ba. Abin da ke cin ƙirjina yau ya wuce na hawaye. Kwanaki wata a cikinku ta rubuto min cewa, "Zuhra, ki rage zafin kai, namiji mai hankali irin Tawfiq ba a tsintarsa a titi." To 'yar uwa, gyara zama, yau zan ba ki labarin mai hankalin naki.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zuhra, shekarata ashirin da bakwai, ni ce 'yar fari a gidan Malam Sale tela, a wani layi cikin Durumi. Ina goye aka shigo da ni gidan nan. Ɗaki huɗu ne, da shagon ɗinkin Baba a gaba, da bishiyar gwaiba a tsakar gida wadda Mama ke shanya mayafanta a jiki. Mama kuwa sunanta Rekiya, 'yar Okene ce, mace mai faɗa da baki amma mai saurin hucewa.

Tawfiq kuma wata takwas ke nan yana zuwa wurina. A wani kamfanin gine-gine yake aiki, shi suke turowa ya yi magana da mutanen unguwa. Ranar da ya fara shigowa layinmu maɓallin hannun rigarsa ne ya tsinke, ya tsaya a shagon Baba, ni kuma na fito kai wa Baba abinci. Daga nan aka fara. Kafin wata uku Baba ya koma kiransa "ɗana", Mama kuwa in ta ji ƙarar motarsa har ɗankwali take sakewa. Ba Asabar ɗin jiya ba, mai zuwa aka tsayar kawunnansa za su zo tambayar aurena. Mama ta riga ta sayi leshi ruwan zuma, ta gayyato ƙannenta daga Kubwa, kullum kuma sai ta tuna min.

"Sa'anninki duk suna da 'ya'ya bibbiyu. Allah Ya kawo miki mai ilimi, mai mota, mai ganin girman ubanki. In kika ɓata wannan da bakin nan naki, ni da ke ne."

Yanzu ga inda matsalar ta taso. Wata biyu da suka wuce kamfanin su Tawfiq ya raba wa gidaje talatin da ɗaya na layinmu wata takarda, Turanci zalla, a ce kowa ya sa hannu. Babbar kalmar da ke samanta ita ce regularisation. Tawfiq ya tara mutane ya yi bayani, kowa ya gyaɗa kai ya tafi gida da fassararsa. Baba ya ce ma'anarta za a ba mu takardar mallaka, mu huta da fargabar shekara da shekaru. Maƙwabcinmu Baba Obadiah, wanda shi ne shugaban layi, ya ce shi abin da ya ji musanya ce, za a ba kowa fili a wani wuri. Maman Marvel mai shagon kayan masarufi kuwa rantsuwa take yi cewa titi za a yi mana da kwalbati.

Wasa-wasa abu ya zama gaba. Baba Obadiah ya ce kada kowa ya sa hannu sai an gane, Baba ya ɗauki maganar a matsayin zagin surukinsa. Mutum biyu da suka shekara ashirin suna shan shayi a benci ɗaya suna sauraron rediyo ɗaya, sai ga shi ko gaisuwa ba sa yi. In ɗaya ya fito ɗayan ya shige.

Za ku ce, ke da kika yi jami'a me ya hana ki karanta takardar? Na karanta, 'yan uwa, kuma wannan na cikin abin da ke ƙona ni. Sama-sama na bi ta a tsaye a shagon Baba. Turancin lauyoyi ba irin wanda muka yi a aji ba ne. Na tambayi Tawfiq, ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Standard ne, kada ki wahalar da kyakkyawan kanki." Ni kuma sakarya aka ce min kyakkyawa na ajiye takarda.

Ranar Alhamis ina cikin bas zan dawo daga aiki saƙonsa ya shigo.

"Baby, mutanenku sun gajiyar da ni wallahi. Sau biyar ina bayani, they just don't get it. Oga kuma ya hau wuyana."

Tausayinsa ya kama ni. Ku ji fa, tausayi! Na rubuta masa, "Na san wata dabara. Bari in taimake ka ranar Asabar."

Dabarar a wurin aiki na koye ta. Wata ƙaramar ƙungiya nake wa aiki, muna wayar da kan mata kan lafiyar yara a Kuchigoro, wurin 'yan gudun hijira. Akwai lokacin da matan suka daina kawo yara awo gaba ɗaya. Ashe nas ɗinmu ce ke ce musu yaro na da malnutrition, mai fassara kuma ya ce "yunwa", su kuma suka ji an ce suna cinye abinci su bar 'ya'yansu. Wace uwa ce za ta dawo a sake gaya mata haka? Shugabarmu, Madam Perpetual, sai ta shimfiɗa farin kwali a ƙasa ta zaunar da kowa, nas da iyaye. Kowace babbar kalma a rubuta ta a cikin da'ira. Daga da'ira zuwa da'ira a ja kibiya, a kan kibiyar kuma a rubuta abin da wannan ke yi wa waccan, yadda in ka bi da yatsa zai karantu kamar magana: gudawa tana zubar da abincin jiki, abincin jiki yana gina tsoka. Dokokinta uku ne. Ba a barin kibiya babu rubutu. Ba a fassara Turanci da Turanci. Ba a wucewa gaba sai kowa ya yarda da kibiyar da aka ja. Taswirar magana muke ce mata. A ranar wata tsohuwa ta bi kibiyoyin da yatsa ta ce, "Ashe ba zaginmu ake yi ba." Washegari layin awo har bakin hanya.

Na yi wa Tawfiq bayanin nan a taƙaice. Ya turo min 'yan jajayen zukata uku da cewa, "My genius wife. Kawo kwalinki." Na san yanzu ya ɗauka zanen 'yan firamare zan yi, in sa furanni, tsofaffi su yi tafi su sa hannu.

Asabar bayan la'asar aka jera bencuna a ƙofar shagon Baba, aka aro kujerun roba daga cocin su Baba Obadiah. Mama tun safe take kan wuta, ta yi apapa, alalen mutanen Okene, ta haɗa zoɓo mai abarba a babbar kula, wai kada surukinta ya yi magana da busasshen maƙogwaro. Ni na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, na yafa farin mayafi, har da ɗan jan baki. Ina jin kaina kamar matar gwamna za ta buɗe taro.

Ƙarfe huɗu da rabi ya iso. Shadda ruwan toka, aiki a wuya siriri, hula ta zauna daram, ƙamshin turarensa ya riga shi sallama. Shaddar nan Baba ne ya ɗinka masa da hannunsa, kwana uku yana kanta, ya ce ɗinkin ɗa ba ya da lada sai albarka. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya kashe min ido ɗaya.

Na manna kwalin a ƙyauren shago, na ɗauki baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na yi da'ira a tsakiya na rubuta GIDA.

"Iyayena, kafin mu taɓa Turanci, mu fara da namu. Gida da me yake haɗe?"

Maman Marvel ce ta fara, ta ce, "Da shagona mana. In ba gida ina zan sa firiza?"

Na yi da'ira, na ja kibiya, na rubuta: gida yana riƙe da sana'a. Daga nan baki ya buɗe. Wani ya ce makarantar yara da ake zuwa da ƙafa. Wata ta ce famfon burtsatsen da layi ya haɗu ya haƙa. Aka ce masallaci, aka ce coci, aka ce motar Area One da ake samu kafin rana ta fito. Baba Obadiah ya ce, "Rubuta maƙwabci," yana faɗa yana kallon gefe, Baba ma ya kalli nasa gefen. Na rubuta. Kafin minti goma gefen hagu na kwalin ya cika.

Na juya wurin Tawfiq ina murmushi. "To, a takardarku wace kalma ce gida?"

"Structure."

"Da Hausa, ranka ya daɗe. Doka ce."

Ya yi 'yar dariya. "Gini. Duk abin da aka ɗora a kan ƙasa."

"Har kejin kajina?" in ji Maman Marvel.

"A ƙa'ida, har shi."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Na rubuta structure a gefen dama, na ja kibiya zuwa GIDA. Sai dai da na ja baya na kalli kwalin, sai na lura da wani abu. Namu gidan kibiyoyi bakwai ne suka fita daga jikinsa. Nasu, ban da wadda na ja yanzu, ko ɗaya babu, yana tsaye shi kaɗai kamar bulo a fili. Na ci gaba.

Na rubuta regularisation, na ja kibiyoyi uku: takardar mallaka ta Baba, musanyar fili ta Baba Obadiah, titi da kwalbati na Maman Marvel.

"Wacce ce daidai a ciki?"

"In a sense, kowa na da gaskiyarsa."

"A'a, ba a barin kibiya haka. Cike min. Regularisation yana yi wa gida me?"

"Yana capturing ɗinsa."

"Hausa."

Ya gyara zaman hularsa. "Yana sa shi a rajista."

"Madalla." Na rubuta, na yi sabuwar da'ira. "Rajistar me?"

"Ta waɗanda abin ya shafa."

"Wane abu?"

"Development ɗin. Ina nufin gidajen da kamfani zai gina."

Na rubuta wannan ma. Wallahi har lokacin zuciyata ɗaya. Ina ganin kamar taimakonsa nake yi ya fito da maganar da ta maƙale masa.

"Zai gina su a ina?"

"A wannan axis ɗin."

Baba Obadiah ya cire tabarau. "Ɗana, shekarata talatin da biyu a Abuja, ban taɓa jin unguwa mai suna Axis ba. Kusa da ina take?"

Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba. Na lura Christina, 'yar Baba Obadiah da ke aikin nas, ta ɗaga wayarta tana ɗaukar bidiyo. Tawfiq ma ya lura. Ya zaro hankici ya goge wuya, alhali akwai iska.

Baba Obadiah ya miƙo min tasa takardar, ya ɗora yatsa a shafi na uku. "'Yata, ga wadda ta hana ni barci. Sa mana ita a kwalin."

Na duba. Vacant possession. Na yi dariya da ƙarfin gwiwa na ce, "Wannan kam ni ma na sani. Vacant ai wurin da ba kowa. Filin nan ne na bayan layi da ake zubar da shara, shi za mu bar wa kamfani." Na yi da'ira na rubuta bola, na ja kibiyata tsaf. Mutane suka sauke ajiyar zuciya. Mama ta fara zuba zoɓo a kofuna.

"Ko ba haka ba, Tawfiq? Sai ka yarda za mu wuce."

Ya kalli wayar Christina.

Bari in gaya muku wani abu game da mutumin nan, wanda sai jiya na gane shi. Tawfiq bai iya ƙarya tsirara ba. Sai ya ɗinka mata riga ya sa mata hula. A ce masa e ko a'a, a gaban mutum talatin da waya a ɗage, nan ne ƙarfinsa ya ƙare.

"Ba shi ba ne," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"To mene ne?"

"Miƙa wuri ne. Ba kowa a ciki, ba kaya."

"Wane wuri?"

"Zuhra, zo mu yi maganar nan a mota."

Ban motsa daga gaban kwalin ba. "Ba a mota aka raba takarda ba. Wane wuri, Tawfiq?"

"Structures ɗin."

Ban san lokacin da na soke kibiyar bola ba. Na ɗora bakin maka a kan vacant possession na ja layi, ya ratsa rajista, ya ratsa structure, ya tsaya a kan GIDA. Sai da makar ta yi ƙara a jikin kwali. A kan layin na rubuta kalma biyu: a fita.

Sannan na yi abin da Madam Perpetual ke sa mu yi a ƙarshe. Na bi kibiyoyin da yatsa na karanta da ƙarfi.

"Sa hannu yana nufin ka yarda. Ka yarda ka fita daga gida, kai da kayanka. Kamfani ya rushe, ya gina nasa. Babu takardar mallaka. Babu musanyar fili. Babu titi." Na juya. "Akwai kibiyar da na ja ba daidai ba?"

Ba a ma buƙaci amsarsa ba. Wata biyu ana gardama a layinmu, ranar ce ta farko da kowa ya fahimci abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kofin da ke hannun Mama ya cika ya tumbatsa, zoɓo na zuba a kan zanenta ba ta sani ba.

"Innalillahi," in ji wani daga baya. Maman Marvel ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu.

Tawfiq ya miƙe. "Ku saurare ni, don Allah. Ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Duk abin da na faɗa yana cikin takarda. Filin nan a hukumance na kamfani ne tun shekara shida. Da ni da ba ni, za a yi aikin nan. Ni ne ma na tsaya kai da fata aka sa tallafin tashi a ciki. In da wani aka turo, da katafila kawai za ku gani."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ban damu ba a lokacin, yanzu ma ban damu ba.

"Ba ka yi ƙarya ba?" Muryata har ta canja. "Da Baba ya ce maka, ɗana, ashe zan mutu da takardar gidana a hannu, me ka ce masa? Ina tsaye a wurin! Cewa ka yi in sha Allahu komai zai daidaita. Ka ji fassararsa, ka ji ta Baba Obadiah, ka ji ta Maman Marvel, ka san duk ba haka ba ne, ka bar su suna gaba da juna saboda gabar ta fi maka sauƙi. Sannan ka rubuto min wai mutanena ba sa ganewa. Ba sa ganewa, ko ba ka so su gane?"

"Zuhra, control yourself."

"Da Hausa!" na daka masa tsawa. "Wata takwas kana cin tuwon gidan nan. Ka zauna a ƙarƙashin gwaibar can ka ce min nan za a kafa rumfar ɗaurin aurenmu. Kana faɗa kana auna faɗin wurin da ido, ko? Rigar da ke jikinka ma a structure aka ɗinka ta!"

Wuri ya kaure. Matasa suka fara matsowa, wani ya harba kujera. Baba Obadiah ne ya shiga tsakani, ya ware hannuwa.

"Ba mai taɓa shi! A ƙofar Malam Sale muke, baƙonsa ne." Ya kama hannun Tawfiq ya raka shi har mota, ya tsaya sai da ya fita layi. Da ya dawo, kai tsaye wurin Baba ya nufa ya miƙa masa hannu. "Malam Sale, ashe ni da kai duk mun faɗi jarrabawar. A yafi juna."

Baba ya ba shi hannu, amma bai ɗago ido ba. Ya tashi a hankali kamar wanda ya tashi daga jinya, ya shige gida, ko keken ɗinkinsa bai rufe ba.

Na ɗauka in na shiga Mama za ta rungume ni. Ina sa ƙafa a tsakar gida ta jefar da kular zoɓon a gabana.

"Kin huta? Kin kunyata baƙo a ƙofar ubanki, a gaban duniya, har da bidiyo! Wa zai auri mace mai yi wa namiji tsawa a titi?"

"Mama, gidanmu za su rushe!"

"Na ji, ba kurma ba ce ni! Amma ba haka ake yi ba. Ki ja shi gefe, ki tambaye shi cikin ladabi. Yanzu gida ya tafi, miji ya tafi, me kika tsira da shi? Kwali?"

"Mijin da zai kore ku ya aure ni? In ina ɗakinsa ina shan iskar na'ura, ku kuna ina? Gindin gada?"

"Rufe min baki! Ai ya ce mu namu daban ne."

Na tsaya cak. "Daban kamar yaya?"

Ta kawar da kai tana matse gefen zanenta da ya jiƙe. "Haka dai ya ce. Ya ce kada mu damu, mu 'yan gida ne."

"Kuma kin tambaye shi ma'anar daban ɗin?"

Idonta ya ciko, ta juya min baya tana tsince mayafai daga jikin gwaiba, waɗanda ko bushewa ba su yi ba. A nan na gane faɗan da take yi min ba nawa ba ne. Tsoro ne ya rasa inda zai sauka.

"Zuhra." Muryar Baba ce daga ɗaki.

Na same shi zaune a bakin gado, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ban taɓa lura furfurarsa ta kai haka ba. Ya ɗaga katifa ya zaro takarda a ninke huɗu, ya miƙo min.

"Karanta min ta ƙarshen. Irin karatun da kika yi a waje."

Na buɗe. Irin takardar ce dai. Amma a ƙasan wannan akwai sa hannun Baba, da rubutun ajaminsa mai kyau da yake rubuta awon mutane da shi, da dangwalen yatsa a gefe.

"Baba..."

"Ya ce ni ne babba a wurinsa, in na fara sauran za su samu natsuwa. Na ce surukina ba zai kai ni rami ba." Ya kalli takardar. "Ba nan ta tsaya ba. Ni na ɗauke shi da ƙafata, gida-gida, bayan sallar asuba, don kada Obadiah ya gani ya hana. Gida tara. Duk wanda ya yi jinkiri sai in ce masa, ga nawa, ni na fara. Har da gidan marayun Salisu. Uwarsu ta ce, Malam, tunda kai ne, ba sai an karanta min ba."

Na ji kamar in fasa ihu. Na so in ce masa, Baba me ya sa, amma da wane bakin? Ni da na yi jami'a ma kalmar kyakkyawa aka saye ni da ita.

Na duba layin da ke saman sa hannun, na karanta masa da Hausa kamar yadda ya nema. Kwana talatin daga ranar da aka sa hannu. Na duba kwanan watan, na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa.

"Saura kwana goma sha ɗaya, Baba."

Ya rufe ido. Leɓɓansa na motsi amma ba na jin abin da yake faɗa.

Ana haka muka ji sallama daga zaure. Baba Obadiah ne.

"Malam Sale! Mutane ba su watse ba. Christina ta samo mana wata lauya, za ta zo gobe bayan coci. Amma ta ce a fara sanin ko akwai wanda ya riga ya sa hannu. Na tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Fito ka taya ni, kai suna jin maganarka."

Mama ta leƙo ɗakin da sauri, ta rage murya. "Malam, ka ce ba ka jin daɗi. Ka bari sai gobe. Yadda ransu ya ɓaci ɗin nan, in suka ji..."

Baba ya daɗe yana kallon takardar da ke hannuna. Sannan ya ɗauki hularsa ya sa, ya daidaita ta da hannu biyu kamar mai shirin zuwa masallacin Juma'a. Ya karɓi takardar.

"Ni na kai shi ƙofofinsu, Rekiya. Ba za su ji a bakin wani ba." Ya ɗaga murya. "Ina zuwa, Obadiah!"

Ya kai bakin ƙofa ke nan wayata ta yi ƙara a hannuna. Saƙon Tawfiq ne.

"Ina bakin titi, ban tafi ba. Akwai shafin da ba a raba wa kowa ba, kuma sunan gidanku na ciki. Ki zo ke kaɗai in nuna miki. Please, kafin Baba ya yi magana da kowa."

Na karanta sau biyu. Mama ta karanta ta saman kafaɗata, ta damƙe min hannu har farcenta ya shiga fatata. "Je ki," ta raɗa min. "Don girman Allah je ki ji. Wataƙila mafitarmu ce."

Wataƙila kuwa ita ce. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ta so tafiya. Na hango Baba a zaure, bayansa ya ɗan ranƙwafa, takarda a hannu, yana tafiya wurin mutanen da ba su san abin da zai gaya musu ba.

Na zare hannuna daga na Mama, na rubuta masa:

"Ka kawo shi ƙofar shago. Ka karanta shi a gaban kowa. Da Hausa."

Na ga alamar ya karanta. Na ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Ban jira ba. Na kife wayar a kan gadon Baba, na gyara mayafina, na bi bayan ubana.